Ni da Bulus da Kalmar da Ta Kunyata Ni a Rediyo

Shekara takwas ke nan da muka rufe Bulus a gonar mahaifinsa da ke bayan Chanchaga, a gefen Minna. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa a wannan fili, sai kuma in fasa. Ba abin faɗa na rasa ba, domin mun zauna a tebur ɗaya da shi shekara ashirin da shida. Abin da ke hana ni shi ne, da na ɗauki biro sai yabo ya riƙa fitowa, irin wanda ake karantawa a wajen jana'iza, alhali na san ba yabo kaɗai ke cikina ba. Na ƙaunaci Bulus, na kuma yi masa hassada tun daga watanmu na farko a wajen aiki. Bana dai na ce bari in faɗi abin yadda yake tun ina da sauran numfashi.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki a sashen fassara na wani gidan rediyo a nan Minna. Labarai kan zo da Turanci an buga su da tafireta, mu mayar da su Hausa, sannan ɗayanmu ya shiga ya karanta wa jama'a. Ni ɗan unguwar Limawa ne. Kakana aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi daga Kano, mahaifina kuma akawu ne a tashar jirgi, don haka na tashi a gidan da ake tinƙaho da Hausa, ake kuma tinƙaho da Turanci. Bulus kuwa mutumin Gbagyi ne, ɗan manomin doya, a kasuwa da makarantar mishan ya koyi Hausa. Sai ya ce maka "matata ya dafa tuwo", ko ya kira ƙasa da kasa, ko a jikinsa. Ranar da na fara jin maganarsa na yi dariya a ciki, na ce ai wannan ni zan riƙa ɗaukarsa a kafaɗa.

Ba a yi wata guda ba ya nuna mini ba haka abin yake ba. An kawo sanarwar rasuwar wani dattijo, aka rubuta cewa shi ne wanda ya founded wata makarantar Islamiyya a Sabon Gari. Na rubuta "wanda ya gano makarantar". Bulus ya leƙo takardata, ya matso da kujerarsa, ya yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji.

"Malam Sani, makarantar ba ɓata ya yi ba balle a gano shi. Kafa shi ya yi."

Ya ɗauki fensir ya nuna mini a gefen takarda. Akwai find, wato samu ko gano, idan abin ya wuce sai a ce found. Akwai kuma wata found daban mai zaman kanta, wato kafa, ita idan ta wuce founded ake cewa. Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun rigarsa, duk gefensa ya lanƙwashe, ya cika shi da irin waɗannan kalmomin aikatau na Turanci masu ma'ana fiye da ɗaya. Lie ta kwanciya tana komawa lay, lie ta ƙarya tana komawa lied. Hoto ko riga idan an rataye su hung ne, mutumin da kotu ta sa a rataye shi hanged ne. Itace ya faɗi da kansa fell, an sare shi felled. Shi yake kiransu "masu kai biyu", tun yana makaranta yake tara su kamar yadda wasu ke tara kan sarki.

Na ce masa na gode, na gyara. Amma a hanyata ta komawa gida ranar, abin da nake ta juyawa a raina shi ne, wai mutumin da bai iya bambance "ya" da "ta" ba shi ne ke yi mini gyara.

A hankali ɗakin labarai ya gane abin da ke kansa. Duk wanda wata kalma ta shige masa duhu, teburinmu yake nufa, kuma ba wajena ba. Edita, wani dattijo mai saurin fushi da muke kira Oga, ya saba da cewa, "An nuna wa Bulus?" kafin ya sa hannu a kan kowace takarda. Ina zaune kusa da shi, ina ji. Ni nake da murya, ni mata ke aiko wa da gaisuwa, ni ake ganewa a kasuwa da na buɗe baki in tambayi kuɗin tumatir. Duk da haka kalmomin nan huɗu na Oga sun fi komai tsaya mini a wuya. Sai na fara yi wa kaina dabara: idan aikina ne, in gama in wuce da shi sutudiyo kai tsaye, ba tare da Bulus ya gani ba.

Haka na yi wata Laraba, saura 'yan mintoci a shiga labaran sha biyun rana. Rahoto ne kan taron wata ƙungiyar manoman doya, a ƙarshensa an rubuta cewa the chairman wound up the meeting. Idona ya sauka kan wound, kaina ya ce rauni. Bulus ya miƙo hannu ya ce in kawo ya duba. Na ce masa babu lokaci. Na shiga, na zauna gaban makirufo, na sanar da duk wanda ke da rediyo a Minna da ƙauyukan kewaye cewa shugaban ƙungiyar ya samu rauni a wajen taron. Har na sa wa muryata ɗan alhini.

Ina fitowa na tarar da Bulus a tsaye da takardar Turancin a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan wound ɗin daga wind ta fito, wato naɗewa, wind up kuma rufe taro ne. Da rauni aka yi masa, wounded za a rubuta. Mutumin lafiyarsa ƙalau, rufe taro kawai ya yi ya tafi cin abinci.

A lokacin babu wayar hannu. Matar shugaban ta ji labarin tana tsakar gida, ta bar tukunya a kan wuta, ta fito ko takalmi babu. Ta zaga asibiti biyu tana tambayar gadon da aka kwantar da mijinta. 'Yan'uwansa suka cika mota daga ƙauye. Da la'asar sai ga shugaban da kansa a ofishinmu, matarsa na bayansa idanunta sun kumbura. Ban manta abin da ta ce ba, da Hausarta irin ta Bulus: "Wane ne ya kashe mini miji a rediyo?" Oga ya ba su haƙuri har bakin mota, ya dawo ya kira mu ofishinsa, ya tambayi wanda ya duba fassarar.

Ƙa'ida ita ce mutum biyu su ga takarda. Gaskiya kuma ita ce ni na hana a gani. Kafin in haɗa abin da zan ce, Bulus ya riga ni.

"Oga, mu biyu ne a tebur. Laifinmu ne tare."

Aka ba mu takardar gargaɗi ɗaya ɗaya, aka sa a fayil. Da ni kaɗai ne, da wataƙila an ɗauke ni daga karanta labarai gaba ɗaya, don Oga ya fusata ƙwarai. Mai karatu zai zaci daga ranar na zama bawan Bulus. Ina ma haka ne. Na gode masa a baki, har na saya masa tsire, amma abin da ya yi sai ya ƙara mini nauyi. A da ya fi ni ilimi kawai, yanzu ya fi ni hali, kuma duk ɗakin labarai sun san haka ko da ba wanda ya furta. Watanni ana tsokanata, in na shigo wani ya ce, "Malam Sani, yau wa aka ji wa rauni?" In yi dariya tare da su. Bulus kaɗai ne bai taɓa tsokanata da ita ba, wannan ma sai ya riƙa ba ni haushi.

Bayan shekara huɗu aka tashi naɗa shugaban sashen fassara. Ni da shi ne a gaba. Kwamitin ya kira kowannenmu shi kaɗai ya faɗi yadda yake ganin za a inganta sashen. Na shiga da kaset a aljihu. Na yi makonni ina bin labaran da Bulus ya karanta, ina tsince wuraren da harshensa ya zame: inda ya ce "gwamnati ya ce", inda ya ce "kasar" maimakon "ƙasar", inda ya mayar da wata kwamishiniya namiji. Na haɗa su wuri ɗaya, minti uku cur. Na kunna musu, na ce ni ba don kaina nake magana ba, martabar harshen nake karewa. Wasu suka yi dariya. Oga bai yi ba, kallona kawai ya yi.

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, duk muryarsa ce. Na daɗe ina fakewa da wannan.

Sakamakon bai zo yadda na so ba, bai kuma zo yadda ya so ba. Aka ba Bulus shugabancin sashen, domin babu mai musun ya fi kowa sanin aikin. Amma aka ce daga ranar ya daina shiga sutudiyo, ya tsaya kan duba takardu, karatu kuma a bar wa "masu harshen". Haka muka ƙarasa sauran shekarunmu. Shi ya gyara, ni in karanta. Mutane su tare ni a masallaci ko wajen ɗaurin aure su ce, "Kai, Malam Sani, fassararka babu irinta." In ce na gode. Rabin abin da suke yabo jan biron Bulus ne. Shi kuwa kullum da safe sai ya ajiye mini takardu a gefen dama, ya ce, "Ɗan Limawa, ga naka." Ya zo sunan 'ya'yana duka, da Sallah ya zo cin nama, da Kirsimeti matarsa Rahila ta aiko mana da shinkafa da kaji. Ban taɓa ganin canji a fuskarsa ba, har na shawo kan kaina cewa bai san wanda ya kai kaset ɗin ba.

Da ya yi ritaya sai ya buɗe darasin Turanci a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, ga yaran da ke shirin jarrabawar kammala sakandare. 'Yata Hauwa ta faɗi Turanci har sau biyu. Na zaunar da ita a gida na koya mata, muka ƙare da faɗa, ta yi kuka, na yi fushi. Uwarta ce ta ce a kai ta wajen Bulus. Na ce Chanchaga da nisa. Ta ce keke mai ƙafa uku na zuwa. Wata uku Hauwa tana zuwa, ta dawo tana rera mana lie, lay, lain a kicin kamar waƙa, tana ba mu labarin yadda Baba Bulus ke kwanciya a kan benci ya ce "wannan lay ne", ya tashi ya ce shi ne ya fi kowa kuɗi a Minna, ya ce "wannan kuma lied ne". Ta ci jarrabawar da kyau. Ranar da sakamako ya fito, daga makaranta gidansa ta wuce, shi ta fara nuna wa kafin ni. Na yi murna, Allah ya sani. Amma da ta shigo tana cewa "Baba Bulus ya ce, Baba Bulus ya ce", sai na ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina, ina da furfura a gemu.

Ciwon da ya kashe shi bai ja lokaci ba. Na je duba shi sau uku. A zuwa na ƙarshe muna zaune mu biyu a barandarsa da hantsi, ya rame, yana lulluɓe da zanen Rahila. Na zo da niyyar in faɗa masa maganar kaset. Na ce, "Bulus, akwai wata magana." Ya ce, "Ina jin ka." Sai na tambaye shi ko likita ya hana shi cin doya. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bayan kwana tara ya rasu.

Rahila ce ta warware mini, bayan an share makoki, na je yi mata sallama. Ta rako ni har bakin hanya, ta ce, "Malam Sani, ya sani fa. Tun ranar ya sani." Ta ce ranar da aka hana shi karatu ya dawo gida bai ci abinci ba, kwana biyu. Ashe tun yana yaro a gona burinsa ke nan, a ji muryarsa a rediyo, mahaifiyarsa kan tara maƙwabta duk ranar da shi ne da karatu. Ashe kuma kullum kafin ya fito aiki sai ya tsaya gaban madubi yana gwada ƙa da ɗa da ɓa, yana ƙoƙarin gyara harshensa. Na tambaye ta me ya ce a kaina. Ta ce, "Cewa ya yi gaskiya ka faɗa, muryarka ya fi kyau. Amma da ka gaya masa shi kaɗai, yadda shi yake gaya maka naka." Ba ta faɗa da fushi ba. Ta ce in gaida gida, ta juya.

Yanzu duniyar fassara ta canza. Jikokina kan ɗora waya a kan rubutun Turanci, nan take ta mayar musu da shi Hausa. Nakan tambayi kaina me Bulus zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai yi ƙorafi irin namu na tsofaffi ba. Zai karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya fara ɗana mata tarko da masu kai biyunsa ɗaya bayan ɗaya, idan ta ci ya yaba mata, idan ta faɗi ya yi dariya ya rubuta a littafinsa. Abin da zai dame shi, ina ji, shi ne yadda ake sakin labari yanzu ba tare da ido na biyu ya gani ba. Kowa da rediyonsa a aljihu. Kwanakin baya aka yaɗa a unguwarmu cewa an rataye wani, ashe hotonsa aka rataye a zauren taro. Kafin a gyara, labarin ya kai Legas. Kuskuren da na yi sau ɗaya aka sa mini a fayil, yau ana yin irinsa kullum, ba mai ba kowa haƙuri.

Hauwa yanzu malamar Turanci ce a wata sakandare. Ita da wasu tsofaffin ɗalibansa ne suka shirya taron tunawa da shi a makon jiya, a ƙofar gidansa. Ban zaci za a taru haka ba. Akwai lauya, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai masu shago a Sabon Gari, Musulmi da Kirista, wasu da goyo. Kowa ya tashi sai ya faɗi kalmar da Bulus ya koya masa da irin wasan da ya yi kafin ta zauna. Ina zaune a kujerar gaba ina lissafi a raina, abin kunya: ni da na yi shekaru ana jin muryata a kowane gida, idan na mutu mutum nawa ne za su taru bayan shekara takwas su tuna wani abu da na koya musu? Muryar rediyo tana shiga kunne ta fita. Yaran da ke wurin ma ba su san na taɓa yin rediyo ba.

Aka ce babban abokinsa ya yi magana. Na tashi na yi, kuma na iya, aka tafa. Da aka tashi ana rabon abinci sai wata matashiya mai jariri a kafaɗa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ta ji daɗin jawabina, ta ga na san kalmomin nan sosai.

"Baba, kai ma ɗalibinsa ne?"

Amsa ta riga ta zo bakina: rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, na ma girme shi da wata bakwai. Rahila na zaune ba nisa, tana zuba wa wani yaro shinkafa, na ga hannunta ya tsaya. Na ce wa yarinyar, "E, ɗalibinsa ne ni. Na fi ku daɗewa a ajinsa, kuma na fi ku taurin kai." Ta yi dariya ta wuce, ba ta san abin da ta ciro daga bakina ba.

Ba zan ce muku hassadar ta mutu ba. A cikin keken da ya dawo da ni Limawa ma sai da na ji ɗan zafin taron nan. Abin da ya rage na Bulus yana bakin mutanen da suka taru a ƙofar gidansa, suna koya wa wasu, har da 'yata. Abin da ya rage nasa a wajena kuwa shi ne wannan: duk abin da na iya a aikin da aka san ni da shi, a gefensa na koya, na kuma saka masa da raba shi da abin da ya fi so. Na kasa faɗa masa a barandarsa mu biyu. Ga shi na faɗa a jarida, inda Rahila da 'ya'yansa da duk wanda ya taɓa yaba fassarata za su karanta.